Rijiyoyin Jatau

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, Alhaji Ƙasimu ya ci kujerar kansila, ya aiko wa wata firamare a Gyadi-Gyadi cewa yana so yara su yi wasan kwaikwayo a bikinsa. Wasan zai nuna rayuwar Jatau, wanda gidansu ke cewa kakansu ne, ya mallaki ƙauyukan wannan yanki tun ba a gina ganuwa ba.

Malama Rahila aka ɗora wa aikin. 'Yar Kafanchan ce, shekararta goma sha ɗaya a makarantar. Da ba ta sami labarin a littafi ba, sai ta je Darmanawa wurin Inna Uwani, gwaggon kansilan. Tsohuwar ta ce Jatau ya haƙa rijiyoyi bakwai, amma duk ƙauyen da ya ƙi kawo masa hatsi, sai ya sa a cike rijiyarsu da ƙasa. Rahila ta sa duka biyun a wasan.

Ranar gwajin wasan, kansila bai bari an gama ba. Ya kira ta ofishin hedimasta.

"Wa ya ce miki kakana ya hana mutane ruwa?"

"Ranka ya daɗe, daga bakin Inna na ji."

"Ke da ko kabarin kaka ba ki da shi a garin nan, ke za ki koya mana tarihinmu?"

Hedimasta Malam Bello bai ɗago kai ba. Kansila ya ce ko ta rubuta cewa ƙirƙira ta yi, ko ya sa a ɗauke ta daga makarantar. Ta roƙa a tambayi tsohuwar, suka tafi a motarsa.

Sun tarar da Inna Uwani tana tsince shinkafa. Ta dubi ɗan wanta, ta dubi sabon kwanon da ya sa aka rufa mata ɗaki da shi, sannan ta mai da ido kan faifai.

"Ni dai rijiya bakwai na faɗa mata."

"Inna, ki tuna mana," in ji Rahila a hankali. "Har kin ce matan ƙauyen suna tafiyar yini guda neman ruwa."

"Yarinya, kada ki sa ni cikin rigimarku. Tsufa ya kama ni."

Kansila ya yi dariya. "Kin ji ko, Malama tarihi?"

Washegari Malam Bello ya ajiye mata takarda da biro. Ya ce layi biyu kawai ake nema, ga 'ya'yanta uku suna karatu a nan kusa, ga mijinta yana aiki a Tarauni. Ta daɗe tana riƙe da biron. Daga baya ta ce ba za ta iya tsayawa gaban yaran da suka haddace wasan ta ce musu ƙarya ta koya musu ba.

Bayan mako biyu takardar canjin wurin aiki ta zo. An tura ta makarantar da sai ta hau mota biyu daga Unguwa Uku. Kafin ta tafi, ta shiga aji huɗu, ta ƙarasa musu darasin ranar, ta rubuta wa wanda zai karɓi ajin inda suka tsaya.