Mumuni Mai Ƙaho

Mumuni tela ne a Yantala, amma tsofaffin Yamai da busa suka san shi. Shekara arba'in da biyu yana hura ƙahon turompet a ƙungiyar kiɗa ta Orkestir Bakin Gulbi, wadda suka kafa da amininsa Halidu mai jita, bayan sun ji kaset ɗin wasu mawaƙan rok na Amurka masu ƙahoni uku. Tarihin mutanen nan a kansa yake.

Bara ya faɗo daga babur a Talladje, haƙoransa huɗu na gaba suka zube. Likita ya sa masa na roba. Da bakin ya warke ya ɗora ƙaho a leɓe, ya hura, iska kawai ta fito.

Halidu ya same shi a shago.

"Aboki, ka huta haka nan. Jibo mai fiyano yana fitar da muryar ƙaho da yatsa ɗaya."

Mumuni ya tsayar da keken ɗinki.

"Mutanen can na Amurka, mai jitarsu ya rasu, mawaƙinsu ya tafi ya bar su. Masu faifai suka ce su ajiye ƙahoni, zamani ya wuce su. Sun ajiye?"

"Su da haƙoransu."

"Ka ba ni wata huɗu."

Kullum bayan la'asar sai ya rufe shago ya gangara bakin kogi, bayan lambunan ganyen salati. Haƙoran suna zamewa, leɓen yana fashewa. Ƴarsa Nafissa ta ga jini a hankicinsa ta ce, "Baba, don Allah ka bari." Ya ce ta dafa masa ruwan gishiri.

A wata na uku ya gane tsakiyar bakin ta mutu. Ya gusa da ƙahon gefen hagu, inda haƙoransa na asali suke, ya koma koyo daga sauti ɗaya, kamar bai taɓa riƙe shi ba.

Ran wani biki a Lamorde ya hau dandamali. Sautin sama ya ƙi fita, sai ya sauko da waƙar ƙasa, muryar ƙahon ta fito da kauri, da ƴar gargada. Uwar amarya ta miƙe tana rangaɗa guɗa, mata suka cika fili.

A taksi, suna bisa gada, Halidu ya ce, "Ka kuskure sau biyu."

"Sau uku," in ji Mumuni, yana shafa leɓensa da ya kumbura. "Talata ka zo da wuri, mu gyara."