Hannun Ama Kuo

Bizar Ratih ta kusa ƙarewa, don haka ta haɗa takardunta za ta ofishin shige da fice na birnin Tainan, a ƙasar Taiwan, a ƙara mata wa'adi. Bizar yawon buɗe ido ce. Ita kuwa zane take yi wa wani kamfani na Jakarta da kwamfutarta, daga ɗakin da ta kama haya. Masu irin zamanta duk sun san dokar da ba a rubuta ba: a gaban jami'i ba ka da aiki, kallon gari kawai ya kawo ka.

Tana ɗaura takalmi sai ga mai gidan, Ama Kuo, ta fito da lema da rigarta ta zuwa biki. Kowa a lungun Ama yake ce mata, wato kaka. Ta ce ba a zuwa gaban hukuma ba babba. Ratih ta fara kame-kame, tsohuwar ta ce wadda mai kifi ma yake cuta a kasuwa saboda kunya, ita ce za ta iya da jami'i? Ta saƙala hannunta a na Ratih, kamar kullum, saboda ciwon gwiwa.

Zauren jira cike yake da 'yan ƙasar su Ratih, Indonesiya, matan da aka kawo jinyar tsofaffi. Wata mai ɗankwali shuɗi ta matsa musu a benci, ta dubi Ama, ta tambayi Ratih da yarensu ko tata tsohuwar tana barinta ta yi barci. Ratih ta yi ɗan murmushi, ta duƙufa a kan wayarta.

Da aka kira lambarta, jami'ar, wata mai tabarau, ta tambayi dalilin neman ƙarin. Ratih ta faɗi abin da ta haddace: akwai tsofaffin wuraren ibada da ba ta gani ba, tana kuma son zuwa gaɓar gabas.

Ama ta ga bayanin ya yi rauni, sai ta turo kai ta taga.

"Wannan ba 'yar yawo ba ce, ranki ya daɗe. Ita ke kai ni asibiti, ita ke tuna min magani, har ƙafa take matsa min. 'Yar da na haifa tana Taipei, sai dai waya. Ku bar min ita."

Jami'ar ta ajiye biro. Ta dubi hannuwansu da ke saƙale, sannan ta tambayi Ratih a hankali ko jinyar Ama take yi, ko ana biyanta. Ta ce mai bizar yawo ba shi da izinin wannan aiki, idan kuwa haka ne maganar ta wuce ƙarin wa'adi.

Ratih ta zare hannunta.

"Ni ba 'yar aiki ba ce. Digiri gare ni. Haya kawai nake a gidanta, ban wani san ta ba. Tsufa ne, tana haɗa ni da wata."

Ba ta taɓa jin muryarta ta fita haka ba. Hirar da ake yi a benci ta tsaya. Ama ta dafa bakin tagar da hannun da aka sake.

Jami'ar ta ƙara wasu tambayoyi, ta duba takardar hayar da ta banki, ta buga hatimin ƙarin wa'adi a fasfo. Ratih ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuya. Da za su fita, mai ɗankwali shuɗi ta janye ƙafafunta ta ba su hanya, ba ta ɗago ba.

A bakin matakala Ama ta dogara lemarta a ƙasa tana laluben ƙarfen riƙo. Ratih ta miƙa hannu.

"A'a, 'yar nan, ƙofar gilashi ce, suna ganinmu," in ji Ama, murya ƙasa-ƙasa. "Bakina ne ya kusa jawo miki. Ki yi haƙuri. Yi gaba, zan biyo ki a hankali."

Ratih ta sauka. A bayanta tana jin ƙwanƙwasar lemar a kan siminti, mataki ɗaya, sai dogon shiru, sai wani. Ta tsaya a gefen titi da fasfon a hannu, ta kasa waiwayawa.