Bawul ɗin Baba

Maigidana yana da tankin gilashi a falo, cike da ruwan gishiri da murjani masu rai, irin na ƙarƙashin teku. Shekara shida yana renonsu, har ni kaina ba na samun irin kallon da yake yi musu da safe.

Ranar Talata dodon-koɗin da ke lasar gilashin suka fara zubowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Washegari murjanin suka tsuke, suka yi fari fat. Maigidana ya ɗebi ruwan tankin a 'yar kwalba, ya ɗiga maganin gwaji, ruwan ya sauya launi.

"Jan ƙarfe ne," in ji shi. "Ko ɗigonsa guba ne a wurinsu. Wa ya jefa wani abu?"

Ya ƙirga 'yan kunnena ko ɗaya ya faɗa ciki, ya tuhumi kyanwa. Ni ce na buɗe kabad ɗin ƙarƙashin tankin, na ga sabon bawul, wato makullin ruwa, yana sheƙi a inda na roba yake a da, na tagulla mai haɗe da jan ƙarfe. Na san hannun.

Babana mai gyaran famfo ne, shekara arba'in. Tun rasuwar Mama ya dawo wurinmu, ya daina taɓa jakar kayan aikinsa, magana ma sai an roƙa. Wannan bawul shi ne aikinsa na farko cikin wata takwas.

"Kada ka faɗa masa," na ce wa maigidana.

Ashe Baba yana tsaye a bakin ƙofa.

"Yoyo na ga yana yi," ya ce a hankali. "Na ce roba ai ba kaya ba ne."

Maigidana ya dubi murjaninsa, ya haɗiye abin da ya haɗiye, sannan ya miƙa masa sifana.

"Baba, ni ban iya kwancewa ba. Ga na roba nan, sai ka yi haƙuri da shi."

Sati guda suna canza ruwa bokiti-bokiti, suna zuba gawayin tacewa, Baba yana zagin roba, surukinsa yana amsa masa da "haka ne, Baba". Rabin murjanin sun mutu. Babu wanda ya ambaci adadin a gaban Baba.

Ranar da wani koren murjani ya sake buɗe 'yan yatsunsa, na shiga kicin kiran Baba. Na tarar da shi kwance ƙarƙashin wurin wanke-wanke, yana ɗaura bawul ɗin tagullar a famfona da ya shekara biyu yana ɗiga, yana 'yar waƙar da yakan yi wa Mama.