Gwangwanin Tagar Malama

"Sauko daga gadon nan, ba ki ga ba ta da lafiya ba?" mai ɗinki ta ce wa 'yarta daga bakin ƙofa.

Yarinyar ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ƙara lafewa a jikin Malama, maƙwabciyarsu, wadda ciwo ya ramar har zobenta yana zamewa.

"Bar min ita, ƙanwata," in ji Malama. "Ba ta jefa na yau ba."

Aikin Malama a jami'a shi ne auna yadda zukatan ɗalibai da ma'aikata suke. Da ta ga sun gaji da takardun tambaya, sai ta ajiye gwangwani da murafun kwalba a ƙofar ofishinta. Mai walwala ya jefa kore, mai damuwa ya jefa ja, ba a tambayar suna. A tagar ɗakinta kuma akwai wani ƙarami, na yarinyar ita kaɗai.

Abin yana ɓata wa mai ɗinki rai. Ita ta yi naƙuda, ita ke wanka da kitso, amma in ta tambayi yarinyar sai "Lafiya lau, Mama." Ranar da Malama ta ce mata, "Tunda kika haifi jaririn nan ja take jefawa," sai da ta karya allurar keke don haushi.

"Ni za a gaya wa halin 'yata?" ta ce wa mijinta. "Kuma wai Malama, wadda ko goyo ba ta taɓa yi ba?"

"To ke ma nemi gwangwani mana," ya ce yana dariya.

Ta kuwa nema. Yarinyar ta cika shi da kore a wuni guda, don kada Mama ta yi faɗa.

Wata rana da hantsi Malama ta cika. Ɗalibai suka toshe layin, manyan samari suna share hawaye da hular kansu. Mai ɗinki na raba ruwa, idonta na kan 'yarta da ta ƙi kuka, ta ƙi ci, ta ƙi kowa.

Bayan an watse, tana ɗinki da jariri a cinya, sai ga yarinyar rungume da gwangwanin Malama. Ta ɗora shi a kan keken. Ta buɗe tafin hannu, ta jefa ja, ƙwal. Ta tsaya tana kallon ƙasa.

Mai ɗinki ta ɗauke ƙafa daga keken. Ta matsar da jaririn gefe guda, ta bar ɗaya cinyar a buɗe.