Bargon Na'iya

Marigayi Na'iya na Fakku bai bar dukiyar da za a yi faɗa a kanta ba. Gona ce ɗaya, da jakin da ya fi shi taurin kai, sai wani buhu maƙare da riguna masu gajeren hannu, irin waɗanda yara ke kira tishat. Ranar rabon gado, ɗansa Bashar, malamin firamare a Tambuwal, ya dubi ƙanwarsa Mas'uda, ita ma ta dube shi, suka ce buhun dai a bar wa mahaifiyarsu, Inna Atu. Malamin da ya yi rabon ya shaida, aka shafa fatiha.

Mas'uda tela ce a Kebbe. A wayarta ta taɓa ganin yadda mutanen wasu ƙasashe ke yayyanka rigunan mamaci su haɗa bargo, don a riƙa tunawa da shi. Ta ɗauki buhun ta tafi da shi. Ta yanke gaban kowace riga, ta jera su gefe da gefe, ta yi musu shafi da tsohon zanen Inna, ta cusa auduga a tsakani. Masu hoton 'yan takara ta juya fuskokinsu ciki, don kada su tsaya suna kallon Inna tana salla. Riga ɗaya kawai ta ƙi sa wa almakashi, wata shuɗiya da Bashar ya saya wa uban da albashinsa na farko. Ita ta ajiye wa yayanta.

An gama bargon ana tsakiyar marka, Inna tana cikin takaba. Tun ranar da ya shigo ɗakinta ta daina kukan sanyi, ta daina tashi tana laluben gefen gado.

Shi kuwa Bashar mutum ne da in ya tsinci allura a hanya sai ya yi cigiya. Ran Asabar ɗin da ya zo gaishe ta, Mas'uda ta baza bargon a kan tabarma tana jiran yabo. Ya durƙusa yana shafawa, har idonsa ya kawo ruwa. Can sai hannunsa ya tsaya a kan wani ƙyalle ruwan ɗorawa.

"Wagga ai tau ta," ya ce. "Rigar wasanninmu ta kwaleji. Ita ta ɓace mani ga igiya, har na yi gaba da abokin ɗakina."

Inna ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ba ta kiran sunan ɗan fari, don haka ta ce, "Kai ma dai, Malam. Ubanku ya taɓa sayen riga? In ya ga shanya ta yi mashi, sai ya ce wanki ya bushe, ya taimaka ya kwashe."

"Duka, Inna?"

"Ban da shuɗiyar da kas sai mashi."

Mas'uda ta fashe da dariya. Bashar bai yi ba. Ya tuna abin da yake karantar da yara duk mako: Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin mutum sai mutum. Ga ubansa kwance a ƙasa, ga haƙƙin rabin gari an ɗinke wuri ɗaya, har da shafi.

"Ɗayan biyu za a yi," ya ce. "Ko masu riguna su yafe, ko a farke a mai da ma kowa abinshi."

"Yaya, sati nawa na yi bisa keken ɗinki!" in ji Mas'uda.

Inna ta jawo bargon ta rungume. "Je ka roƙo. Amma wanda duk zai farke wanga, shi fara da ni."

Ya ɗauki hoton bargon a waya, Inna ta faɗa masa mai kowace riga, don ita ce ta yi ta wanke su shekara da shekaru. Ya hau babur.

Abin ya zo masa da sauƙin da bai zata ba. Mannir mai faci a tashar Kebbe ya ƙura wa hoton ido, ya ga koriyar rigarsa ta kamfanin taki, ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Ya ce a jikinsa Na'iya ya cire ta, wai zai gwada ya ga ko akwai irinta a kasuwa. Ya yafe, ya ƙara da lemo. Sirajo ma'aikacin lafiya ya ce farar rigar allurar rigakafin ai ya daɗe da sani, don da ita Na'iya ya zo asibiti ya wuce layi, yana ce wa mutane shi ma'aikaci ne. Shi ma ya yafe. Duk inda Bashar ya tsaya sai an tara masa mutane, kowa da labarin da zai bayar, har ya fara jin kamar bai san ubansa ba sai yanzu. Tasa rigar ma ya yafe, a kan babur, da ƙarfi, don kada ya bar shakka.

Saura ɗaya, jar rigar da ke tsakiyar bargon, wadda duk sauran suka kewaye. An rubuta mata Gwarzon Manomi da manyan baƙaƙe. Ta Bube ce, na Dogon Daji, taubashin Na'iya, ɗan ƙanwar ubansa. Tun suna yara suke wasan taubasai, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne. Shekarun baya Bube ya ci gasar noman albasa aka ba shi rigar, bai ko sa ta ba Na'iya ya zo barka ya tafi da ita. Da ita ya riƙa cin kasuwar Tambuwal, baƙi suna tambayarsa sirrin albasa yana ba su, shi da ko gero bai taɓa cika rumbu ba.

Bashar ya iske Bube a gindin darbejiya yana gyaran fartanya. Ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya miƙa wayar.

Tsohon ya daɗe yana kallo. "Bawan nan har ya mutu bai bar hali ba. Shi ya tafi, riga na nan tana aiki."

"Baba, yafiya na zo nema."

"Ba ni yafewa."

Bashar ya ɗauka wasa ne, ya yi murmushi. Bube ya ci gaba da dukan fartanya.

"Baba, shina kwance. Ba ya iya zuwa da kanai."

"Da shina iyawa ma ba ya zuwa. Gobe ni ka zuwa Fakku in amshi abina. Ka ce ma tela ta wasa almakashi."

Bashar ya koma ransa a jagule. In aka cire jar rigar bargon ya tashi aiki, don duk ɗinkin a kanta ya haɗu. In aka bar ta, ubansa na ɗauke da kayan wani. Ya juya abin ta kowace fuska bai ga ƙofa ba. Ya yi tunanin sayen sabuwar riga ya sa a rubuta mata Gwarzon Manomi, ya tuna mai abu abinsa yake bi, ba kamarsa ba.

Washegari da hantsi Bube ya iso cikin babbar riga, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ƙarƙashin igiyar shanya, inda shuɗiyar rigar Bashar ke bushewa, don Mas'uda ta wanke masa ita zai tafi da ita Tambuwal. Inna tana ɗaki bayan labule saboda takaba. Sai da Bashar ya durƙusa a bakin ƙofa ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa, sannan bargon ya fito ta ƙarƙashin labulen, kamar ana jan akuya zuwa kasuwa.

Mas'uda ta zauna da almakashi, fuska a murtuke. "Baba Bube, in na yanke ta, ko hannu ba ta da. Gaba ɗai za ka samu."

"Gaban ni ka so. Nan rubutun yake."

Ya ɗora bargon a cinya. Ya bi baƙaƙen da yatsa, duk da bai iya karatun boko ba. Wuyan rigar ya ci, ga tabon goro a ƙirji inda Na'iya ya saba goge baki. Bube ya kai ƙyallen hanci ya sansana.

Bashar ya ga dama ta samu. "Baba, don Allah. Mi za ta ƙare ka da shi? Kalma guda ta."

"Kai malami na, amma ba ka da wayo," in ji Bube, bai ɗago ba. "Ba ku kunka ce ran ƙiyama kowa ta kanai shi ka yi ba? Uwa ba ta san ɗa ba, miji bai san mata ba?"

"Haka na."

"Amma mai haƙƙi, dole a nemo mashi wanda ya ci mashi, a tsai da su gaba da gaba?"

"Haka na."

"To. Cikin wannan taro, in ban riƙe shi da riga ba, ina za ni ganin shi? Duk kun yafe, kun sake shi. Ni ban saki ba."

Bashar ya san tsayuwar ranar nan ba wurin gaisawa ba ce, ya san ayoyin da zai jawo. Amma idon tsohon ya yi ja, kuma ba ya jin akwai ayar da aka saukar don a doki mai kewa da ita.

Daga bayan labule muryar Inna ta fito, a sanyaye, irin ta mai tambayar farashin daddawa.

"Bube."

"Na'am, matar bawana."

"In ka amshi rigakka yau, ya biya ke nan ko?"

"Ya biya."

"To da mi za ka riƙe shi?"

Mas'uda ta sa almakashi a bakin ɗinkin, ta ce, "In yanka, Baba?"

"Tsaya!" Ya dafe jar rigar da tafin hannu biyu. "Ke ɗiyar nan, hannunki na da sauri awa na ubanki."

"To ka yafe," in ji Bashar.

"Ban yafe ba."

"To a yanka."

"Ba a yankawa."

Bube ya cire hula ya sosa kai, ya mayar. Ya dubi labule, ya dubi bargo, ya yi tsaki, ya ce Atu tun tana amarya ita ce mai ba Na'iya dabara. Sannan ya gyara zama, ya yi gyaran murya kamar alƙali.

"Ku shaida. Aro na ba shi."

"Aron da bai roƙa ba, Baba?"

"Wa ya ce sai an roƙa? Riga tau ta, yau na bayar, da raina da hankalina. Shi riƙe, matatai ta rufa da ita."

"Yaushe za a maido?"

"Ran da munka haɗu. Ni da shi, ba da ku ba."

Bashar ya sunkuyar da kai yana auna maganar, yadda yake auna komai. Mai abu ya bayar da yardarsa, to babu zalunci. Mai abu ne ya sa rana, kuma ranar ba ta zo ba, to babu jinkiri. Akwai wani ɗan rami can a gefe, batun ko ana ba mamaci aro, ya gan shi sarai. Ya daɗe yana kallon ramin. Sai ya ji motsin Inna a bayan labule, ya ɗauki bargon daga cinyar Bube ya ninke, ya tura shi ta ƙarƙashi. Hannu ya fito ya fizge.

"Mun shaida," ya ce.

Aka kawo fura. Bube ya sha ya ƙoshi, ya ce ta Dogon Daji ta fi ta, ya yi wa mamacin addu'a mai tsawo wadda rabinta tsiya ce. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, ya miƙe ya ce bari ya kama hanya kafin ruwa ya tare shi. Bashar ya shiga zaure ya fito masa da takalma.

Da ya dawo, igiyar shanya tana lilo, babu komai a kanta. Bube kuwa ya riga ya kai bakin ƙofa, yana tafiya da sauri fiye da shekarunsa, wani shuɗin ƙyalle yana leƙowa daga aljihun babbar rigarsa.

"Yaya, rigakka!" in ji Mas'uda. "Ita ɗai ta rage!"

Bashar ya bi shi har waje. Ya ga tsohon ya ɗare bayan ɗan acaɓa, ya dafe aljihu da hannu ɗaya. Kalmar yafiya ta zo masa har baki, don ita ya saba. Ya haɗiye ta.

"Baba Bube!" ya ɗaga murya. "Aro na!"

Bube bai waiwayo ba. Ya ɗaga hannu sama, babur ya tashi.

Ruwa ya fara saukowa. Daga ɗaki Inna ta ce wa Mas'uda ta kwashe tabarma, ta kuma ɓoye almakashin nan inda ba za ta sake ganinsa ba.