Hannun Mufida

Motar na rage gudu saboda shingen kan iyaka, matar da ke gefen Ummusalma ta jawo hijabin yarinyar da ke kan cinyarta, ta rufe mata hannu. Amma Ummusalma ta riga ta gani. Tun daga tashar Jibiya take satar kallon hannun. Tabon ƙuna ne a jere, wani ya bushe, wani ɗanye, irin wanda cokali mai zafi ke bari.

"Baiwar Allah, mi ya sami yarinyar ga?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ruwan zafi ne. Ɗiyar ƙanena ce, Maraɗi zan kai ta."

Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba, kuma tun da suka taso ba ta ɗaga kai ba.

Ɗanladi direba ya leƙo su ta madubi. "Don Allah kowa ya kama bakinshi mu wuce lafiya."

Ummusalma 'yar kasuwa ce, buhunan tattasanta ne ɗaure a saman motar. Shekaru tana bin hanyar nan ba ta taɓa shiga maganar kowa ba. Sai dai ta ji a rediyo cewa gwamnati ta ajiye jami'ar kula da yara a wannan shingen.

Ma'aikacin shinge ya leƙo, ya duba fuskoki, ya ɗaga hannu zai sallame su. Ummusalma ta ce, "Yallaɓai, ina matar nan mai duba yara?"

Matar da ke gefenta ta danne mata ƙafa da ƙarfi. Ummusalma ta maimaita tambayar.

Jami'ar, Malama Zulfa, ta fito daga wani ɗan ɗaki mai rufin kwano. Ta sa aka sauko da yarinyar, ta durƙusa daidai tsayinta, ta ɗaga hijabin a hankali. Ta daɗe tana kallo.

"Ya sunanki?"

"Mufida."

"Wannan goggonki ce?"

Mufida ta saci kallon matar, ta dubi ƙasa. "Hajiya ce. Wanke-wanke nike mata. Innata na Gangara."

"Ubanta ne ya ba ni ita," in ji matar. "Ku je ku tambaye shi."

"Za mu tambaye shi," Zulfa ta ce. "Ke ma akwai tambayoyin da za ki amsa."

Aka wuce da matar ciki. Zulfa ta juyo ga Ummusalma, ta ce za a kai yarinyar asibiti, daga nan gidan kula da yara, kafin a nemo mahaifiyarta. Amma motar ofis sai bayan la'asar za ta iso daga Katsina, kuma ana buƙatar bayanin wadda ta gani.

Ɗanladi ya danna ham, ya dubi Ummusalma. "Hajiya, ki shigo ko in sauke maki kayanki."

Rana ta take, tattasai kuma ba ya jira. Ummusalma ta ɗaga ƙafa za ta shiga motar, sai ta ji Mufida ta riƙe mata gefen zane.

"Sauke su," ta ce.

Motar ta tsallaka. Ita da Mufida suka zauna a benci a inuwar ɗakin. Can Mufida ta ɗago kai, karon farko.

"Ke ma aiki zan riƙa yi maki?"

Ummusalma ta gyara mata hijabi.

"A'a, ɗiyata. Zama kawai za mu yi."