Tukunyar Iska Ba Ta Ƙetare Iyaka

Baba Direba ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa tirela daga wannan ƙasa zuwa waccan, har huhunsa ya gaza. Yanzu iyakarsa bakin ƙofar ɗaki, inda robar iskar da ke hancinsa ta ƙare. Injin oksijin na gurnani a kusurwa, ga tukunyar iska a gefe saboda ɗauke wuta. Duka na kamfani ne, aro aka ba shi.

Sai aka bugo waya cewa yayarsa, wadda ta goya shi, tana kwance rai a hannun Allah a ƙasar da ta yi aure, kuma ba ta kiran kowa sai shi.

Auta, 'yarsa mai jinyarsa, ta tari ma'aikacin kamfanin ranar da ya zo sauya tukunya.

"Don Allah ko ƙaramar tukunya ka ba mu, mu je mu dawo."

"Wallahi ba rowa ba ce," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Doka ce, kayanmu ba sa ƙetare iyaka. Ko kun kai ta can ba mai cika muku, bakin tukunyarsu daban ne."

Auta ta nemi kamfanin can. Suka ce sai likitan ƙasarsu ya rubuta. Likitan ya ce a kawo masa mara lafiyan ya gani.

"Da wane numfashin?" Baba ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Ni da na san hanyar nan kamar yunwar cikina!"

Wata safiya, da Auta ta fita sayen magani, ya cire robar, ya sa hularsa, ya nufi tasha. Bai wuce shagon mai gyaran babur ba ƙafafunsa suka ƙi. Mutumin ne ya cicciɓo shi zuwa gida, leɓɓansa sun yi baƙi ƙirin. Auta ba ta yi masa faɗa ba. Ta mayar masa da robar, ta zauna tana kuka.

Aka haɗa su da yayar a waya. Ya yi ta kiran "Yaya, Yaya," amma muryarsa ba ta fita, ita kuma kunnenta ya riga ya yi nauyi.

Da ma'aikacin ya sake zuwa, ya rusuna ya ce ya kai maganar sama, an ce ana dubawa.

"Bar shi, ɗana," in ji Baba. "An riga an binne ta."

Ya juya fuskarsa bango.